Fita waje aikin asibiti: albashin da ake turowa a waya da abin da yake saura a hannu

Yanzu da wuya ka samu nas ko ungozoma ko ɗan laburatari a Garwa, Marwa, Ngaundere ko Njamena da ba ya cikin wani guruf na WhatsApp da ake hirar fita waje. Wannan ya turo hoton takardar albashi daga Jamus, wancan ya turo tallar Kanada, sai kowa ya buɗe kalkuleta ya ninka da 655, shikenan magana ta ƙare, an gama yanke hukunci. Kuma wallahi ban ga laifin kowa ba. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗan wani abu, a ɗaure yake ba ya motsi, to mutum ya ga yuro 2,000 a wata ya lissafa ya ga miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, alhali a nan Kamaru mafi ƙarancin albashi a kamfanoni dubu 60 ne tun 2023, a Cadi ma dubu 60 ɗin ne, kuma mun san yaran da suka gama makarantar jinya suke aikin sa kai a asibiti shekara da shekaru ba ko sisi sai abin da aka ɗan miƙa musu, ta yaya za ka ce kar zuciyarsu ta tashi?

Lissafin ba ƙarya ba ne, amma rabi ne. Wanda yake can ba sefa yake kashewa ba, kuma abin da ya fi cin mutanenmu ba ma tsadar kaya ba ce, watanni ne ko shekarun da suke tsakanin ranar da ka sauka daga jirgi da ranar da za a yarda cewa kai ɗin nas ne ko likita ne. A wannan tsakanin ne ake karyewa, kuma shi ne ba a turo hotonsa a guruf.

Ɗauki Faransa tunda ita muka fi sani saboda yare. Diflomar nas ta Kamaru ko ta Cadi ba ta ba ka damar aikin nas a Faransa, ko ka shekara goma sha biyar kana riƙe da ɗakin haihuwa ko ɗakin tiyata a nan. Sai ka sake shiga makarantar jinya tasu ka samu tasu diflomar, wadda asalinta karatun shekara 3 ne. Likitoci su kuma akwai wata jarrabawa da ake kira EVC, gasa ce, gurabe ƙidayayyu ne a kowane fanni, kana iya cin maki mai kyau ka rasa gurbi, in ka samu kuma akwai shekara 2 da za ka yi a ƙarƙashin kulawa kafin a ba ka cikakken izini. Kafin nan fa? Da yawa suna aiki ne da matsayin ɗan koyo, suna riƙe da ɗakin gaggawa da dare su kaɗai a ƙananan garuruwan da likitocin ƙasar ba sa son zuwa, a biya su abin da bai wuce mafi ƙarancin albashin ƙasar da yawa ba. Abin ya kai ga sun fito zanga-zanga a farkon 2024, har shugaba Makron ya yi alkawari a bainar jama'a a watan Janairun shekarar cewa za a gyara musu takardu. Mutum likita ne cikakke, danginsa a Kusseri suna cewa ɗanmu likita ne a Faransa, shi kuma kwantiraginsa na wata shida ne, takardar zamansa a rataye take da kwantiragin.

Jamus ita tata hanyar yare ce. Sai ka kai matakin B2 a Jamusanci, wato ka iya magana da rubutu da shi sosai, kuma yawancin wuraren koyo da jarrabawa suna kudu, cibiyar Goethe mai koyar da Jamusanci tana Yawunde, to ɗan arewa sai ya haɗa da kuɗin zama a can ko ya yi ta hawa jirgin ƙasa na dare daga Ngaundere. In ka isa Jamus za su duba karatunka su gwada da nasu, yawanci sai a ce akwai giɓi, ko ka yi kwas na cikewa ko ka rubuta jarrabawa, kafin nan kana aiki a matsayin mataimaki da albashin mataimaki. Wasu kuma suna zaɓar su fara karatun jinya daga tushe, shekara 3, a 2024 da 2025 an biya su wajen yuro 1,300 zuwa 1,400 a wata a shekarar farko a asibitocin gwamnati kafin a cire abin cirewa. Ga yaro ko yarinya mara iyali wannan hanya ce mai kyau gaskiya, ga magidanci mai 'ya'ya huɗu da ya bar su a Garwa kuma wani zance ne daban.

Kanada ce ta fi ɗaukar hankalin 'yan Kamaru a 'yan shekarun nan, musamman lardin Kebek mai Faransanci. A farkon 2022 gwamnatin Kebek ta sanar da shirin ɗaukar nas 1,000 daga ƙasashe masu Faransanci, Kamaru na cikin sahun farko tare da Aljeriya, Maroko, Tunisiya da Morishiyos. Shirin ya biya kuɗin karatun cike giɓi a kwaleji, da alawus na dalar Kanada 500 a sati, da izinin aikin kula da marasa lafiya har awa 20 a sati. Dala 500 a sati sama da sefa dubu ɗari biyu ne, a kunnenmu kuɗi ne masu yawa. Amma an kai mutane ne yankuna masu nisa irin Abitibi da Gaspezi inda gidan haya ke wuya, ba bas ba moto sai ka sayi mota, wurin ajiye yara sai an bi dogon layi, kuma an samu waɗanda suka faɗi kwas ɗaya aka cire su daga shirin, alawus ya tsaya, ga mata ga yara ga sanyi, ga shi sun ajiye aiki a gida. Wanda ya gama kwas ɗin ma akwai jarrabawar hukumar nas-nas ta Kebek a gabansa. A ƙarshen 2024 kuma Kebek ta daina zuwa ɗaukar nas a yawancin ƙasashen Afirka har da Kamaru. Don haka duk wanda ya zo maka yau da cewa yana da gurbi a wancan shirin, ka kawo kuɗi, ka bincika sosai kafin ka sa hannu a aljihu.

Dalilin dainawar yana da alaƙa da wani jerin sunaye na Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2023 ta fitar da ƙasashe 55 da ma'aikatan lafiyarsu suka yi ƙarancin da bai kamata ƙasashe masu arziki su je suna kwasa ba, Kamaru da Cadi da Nijar da Najeriya duk suna ciki. Jerin bai hana ka nema da kanka ba, abin da ya hana shi ne asibitin Ingila misali ya zo ya kafa teburi a Yawunde yana ɗauka. To abin da ya faru shi ne da ƙofar hukuma ta ƙuntata sai dillalai suka cika wurin, kowa da ofishinsa da hoton tutar Kanada a bango. Ƙa'ida ɗaya da zan roƙi 'yan uwa su riƙe, asibitin gaske ba ya sayar da gurbin aiki, shi ne yake nemanka. Kuɗin jarrabawa da biza da fassarar takardu sananne ne, ana biyansa kai tsaye a ba ka rasit. Miliyoyin da ake cewa na kwantiragi ne, wannan aljihun wani yake shiga.

Tun kafin a tashi ma an fara zubar da kuɗi. Fasfon Kamaru kaɗai dubu 110 ne tun 2021. Sai buga hatimi a kan difloma ofis bayan ofis, sai fassara wurin mai fassara da aka rantsar, sai kuɗin makarantar yare wata da watanni, jarrabawa in ka faɗi ka sake biya, sai gwajin lafiya, sai biza, sai zaman Yawunde ko Duwala ana jiran ranar ganawa, sai tikiti. Ba wanda yake da wannan a ajiye daga albashin nas, saboda haka fili ake sayarwa, ko shanu, ko zinaren uwa, ko a ɗauki kwasan adashi tun da wuri. Mutum yana sauka a filin jirgi da bashi a wuyansa kafin ya karɓi albashin farko, wanda shi ma sai ƙarshen wata. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Sai kuma takardar albashin kanta. Lambar da ake tallatawa kusan kullum ita ce ta sama, wadda ba a cire komai ba. A Faransa mafi ƙarancin albashi a Nuwamban 2024 ya kasance yuro 1,801 a sama, abin da ya shiga banki wajen 1,426. A Jamus nas mara aure zai ga kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi haraji da inshorar lafiya da fansho da inshorar rashin aiki. A Ingila sabon nas a asibitin gwamnati yana farawa da fam 31,049 a shekara a tsarin 2025, ka raba goma sha biyu ka cire haraji da fansho, abin da ke zuwa hannu bai cika wuce fam 2,000 ba in ba ka haɗa da aikin dare da na Asabar da Lahadi ba. Ba wai kuɗin da aka cire sun ɓata ba ne, su ne suke sa in ɗanka ya kwanta asibiti ba ka sayar da babur ba, su ne makarantar yara kyauta, su ne fansho, kuma wannan babban abu ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa da takardar magani a hannu a bakin kantin magani ba shi da kuɗi. Amma dai ba za ka iya turo su gida ba, kuma gida da lambar sama suke lissafi.

Haya ita ce uwar matsalar. A Paris ɗaki ɗaya da ɗan kicin da bayi da wuya ka samu ƙasa da yuro 800, a Minik ta Jamus da Landan abin ya fi haka zafi, ƙananan garuruwa da sauƙi amma ba arha ba. Kuma ba kamar nan ba ne da za ka je wurin mai gida da wani dattijon unguwa ya ce na san shi, ku yi ciniki a ba ka makulli. A Faransa mai gida zai nemi takardun albashinka na wata uku, ya so albashin ya ninka kuɗin haya sau uku, ya nemi wanda zai tsaya maka da ke zaune a ƙasar, kai kuma sati biyu kenan da zuwanka, ina za ka samo su? Kuɗin ajiya na wata ɗaya ne in gidan ba kaya, wata biyu in da kaya. A Jamus ajiyar tana kaiwa hayar wata uku, kuma akwai haya mai sanyi da haya mai ɗumi, ta farko kuɗin ɗaki ne zalla, ta biyu an haɗa da ɗumama gida da ruwa da shara, wuta kuma da intanet daban. Abin da ya fi ba sabon zuwa mamaki shi ne ya buɗe ƙofa ya tarar da ɗaki fanko, ba gado ba labule, wayoyin lantarki biyu na reto a silin ba ƙwan fitila, wurin kicin bututu ne kawai ya leƙo daga bango, wanda ya tashi ya kwashe har wurin wanke kwanuka ya tafi da shi. Mutum ya kwana a kan jakarsa da rigar sanyi, asuba ta yi ya tafi aiki. Sai wasiƙa ta zo cewa kowane gida yana biyan yuro 18.36 a wata na rediyo da talabijin, ko kana da talabijin ko ba ka da shi. A Ingila akwai harajin ƙaramar hukuma a kan gidan da kake haya, kai mai haya kai za ka biya.

Shi ya sa in asibiti ya ce zai ba ka ɗaki na watannin farko, wannan ya fi ƙarin yuro ɗari biyu a albashi daraja, a sa shi a rubuce a kwantiragi, a kuma rubuta wata nawa ne.

Sufuri da sauƙi in kana babban gari, katin wata a Paris yuro 88.80 ne a 2025, na Jamus da ke yawo a duk ƙasar yuro 58 a shekarar. Matsalar tana ƙauye, inda aka fi neman ma'aikata kuma. Aikin safe yana farawa ƙarfe shida, bas na farko bai fara ba, ba ɗan moto da za ka ɗaga wa hannu. Dole mota, dole lasisin ƙasar, dole inshora, a Kebek doka ce ka sa tayoyin sanyi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Kebek ɗin ma farashin da aka liƙa a kanti ba shi za ka biya ba, sai ka je wurin biya a ɗora haraji kusan kashi 15 a kan yawancin kaya.

Sanyi kuma kuɗi ne, ba wai jin jiki kawai ba. Mutumin da ya saba da zafin Afrilu na Garwa ko Njamena sama da digiri 40 zai murɗa na'urar ɗumama ɗaki har ƙarshe, ƙarshen shekara a aiko masa da takardar ƙarin biya da za ta cinye ajiyar wata biyu. Rigar sanyi ta gaske da takalmi ga kowane yaro, shekara ta zagayo ya girma a sake. A watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu na yamma, ka fita cikin duhu ka dawo cikin duhu, kuma wannan yana taɓa zuciya ƙwarai, ma'aikatan lafiya sun fi kowa sani amma su ma ba sa faɗa in ya same su.

Shi aikin kansa akwai abin da ya kamata a faɗa wa mutane gaskiya. A asibitocinmu mai jinya ne yake komai, ƙanwar mara lafiya ko uwarsa ta shimfiɗa tabarma a gefen gado, ita ke wanka, ita ke ba da kunu, ita ke zubar da fo, ita ke gudu sayo magani, nas nashi allura ne da ƙarin ruwa da ɗinki da wankin ciwo, wani lokaci ma shi ne likitan gaba ɗaya a ƙauye. A can ba mai jinya. A Jamus musamman, nas ne zai shiga ɗakin tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu da asuba, ya gaishe ta, ya ɗaga ta, ya cire mata ƙunzugu, ya wanke ta da tsumma da ruwan ɗumi daga fuska har ƙafa, ya shafa mata mai, ya sa mata haƙoran roba, ya ba ta abinci cokali cokali, ita kuma ta manta ko wane ne shi, wataran ta zage shi ko ta ce ba ta son baƙi su taɓa ta, ya gama ya wuce ɗaki na gaba, sannan ya zauna gaban kwamfuta ya rubuta duk abin da ya yi da yaren da bara ya fara koyo. Aiki ne na lada kuma ba abin kunya ba ne ko kaɗan, amma wanda ya shekara yana karɓar haihuwa shi kaɗai da fitilar waya a wani asibitin ƙauye a Mayo Danay, aka ce masa yanzu ko allurar jijiya ba zai yi ba sai takardarsa ta fito, wannan yana cin rai fiye da gajiyar. Ga namiji kuma da bai taɓa tunanin zai wanke mace ba, ko mace ta wanke namiji, gara ya yi wannan tunanin tun yana gida.

A ɗaya ɓangaren kuma, safar hannu ba ta yankewa, iskar oksijin tana nan, wuta ba ta ɗaukewa ana tsakiyar tiyata, albashi yana shiga ranar da aka ce, kuma ba za ka tsaya kana kallon yaro yana mutuwa saboda babansa ya tafi neman kuɗin jini ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka tafi wannan ne ya kore su, ba son kuɗi ba, kuma duk mai zaginsu da cewa sun gudu ya fara tambayar kansa ko ya taɓa kwana a ɗakin yara lokacin damina da zazzaɓin cizon sauro ya cika gadaje biyu biyu.

Maganar iyali ce take rusa lissafin mutane da yawa, don abubuwan da muke samu kyauta a nan ba ma ma ganinsu a matsayin kuɗi. Kaka tana gida, ƙanwar miji tana nan, maƙwabciya za ta riƙe miki yaro ki je aikin dare ki dawo. A can duk wannan saya ake yi. A Ingila kuɗin gidan renon yaro ɗaya yana iya cinye babban kaso na albashin nas, a Kebek akwai masu rahusa na ƙasa da dala 10 a rana amma samun gurbi sai an yi jira mai tsawo, kuma da wuya ka samu gidan reno da yake buɗe ƙarfe biyar na asuba ko ya kwana da yaro. Ba kuma a barin ƙananan yara su kaɗai a gida, maƙwabci zai kira hukuma. Sai ka ga miji da mata sun raba, ɗaya dare ɗaya rana, suna haɗuwa a bakin ƙofa. Wanda ya bar iyalin a gida shi kuma gida biyu yake riƙewa, kuma kawo su daga baya sai ya nuna albashi da girman ɗakin da ya isa. Ingila ma tun Maris 2024 ta hana masu bizar kula da tsofaffi zuwa da iyali, a Yulin 2025 kuma ta rufe ɗaukar irin waɗannan ma'aikata daga waje gaba ɗaya. Mai mata biyu kuma ya sani ba ƙasar Turai ko Kanada da za ta ba shi takardar kawo ta biyun.

Addini da abinci, naman halal ana samu a manyan garuruwa wurin Turkawa da Larabawa da 'yan Pakistan, gero da kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa kuwa sai kantin 'yan Afirka da tsada ko a jira mai zuwa daga gida. Ba a yanka rago a tsakar gida, sai mayankar da hukuma ta amince, shi ya sa yawanci kuɗin layya gida ake turowa. Juma'a ranar aiki ce, sallar idi sai ka nemi hutu tun da wuri. 'Yan uwa mata su lura sosai, a asibitin gwamnati a Faransa ma'aikaciya ba ta sa ɗankwali ko hijabi a bakin aiki, doka ce, a Ingila ana sawa amma hannu daga gwiwa zuwa ƙasa a buɗe yake saboda tsafta, a Jamus ya danganta da asibitin. Wannan tambaya ce da ake yi kafin a sa hannu, ba bayan an sauka ba.

Ga 'yan Cadi da suka yi karatu da Larabci ko suka yi likitanci a Sudan ko Masar, ƙasashen Larabawa irin Saudiyya sun fi kusa, kuma lissafinsu daban ne. Ba harajin albashi, asibitoci da yawa suna ba da masauki da motar kai ma'aikata da tikitin hutu, ga kiran salla ga Umra a kusa, don haka albashin da ya fi na Turai ƙanƙanta a takarda yana iya barin fiye a aljihu. Akwai tantance takardu da jarrabawar hukumar lafiyarsu, amma ba shekaru take ci ba. Sai dai zamanka a ɗaure yake da mai ɗaukarka aiki, ba zama ɗan ƙasa, ba fansho irin na Turai ga baƙo, ranar da kwantiragi ya ƙare ka tattara, kuma ma'aikacin asibiti mai zaman kansa da ya kawo iyali yana biyan riyal 400 a wata a kan kowane mutum ɗaya, wajen sefa dubu 60 kenan, ka lissafa mata da yara uku. Wuri ne na a je a tara a dawo da shiri, wanda ya je ya manta da dawowar shi ne yake shan wuya.

To bayan haya da abinci da sufuri da waya da bashin tafiya, ɗan abin da ya saura shi ne gida ke jira, kuma a nan nake so mu da muke gida mu ji tsoron Allah. Mutum bai yi wata biyu ba saƙonnin murya sun fara, kuɗin makaranta, bikin wance, rufin ɗaki ya zube, kawu ba lafiya, abokin firamare yana son jari. Ba ƙarya suke ba, buƙatun na gaske ne. Shi kuma kunya ba za ta bar shi ya ce ba ni da shi ba, don ya san an sayar da fili saboda shi, sai ya ɗauki ƙarin aikin dare a ranar hutunsa, ya ci taliya sati guda, ya turo. Turowar ma da kuɗinta, Bankin Duniya ya daɗe yana nuna cewa aika kuɗi zuwa Afirka kudu da Sahara ya fi ko'ina tsada, wajen kashi 8 cikin ɗari a kan ƙaramin kuɗi, duk da cewa manhajojin da ke turawa kai tsaye zuwa Orange Money ko MTN ko Airtel sun rage abin. Su ma na can suna da nasu laifin, hoto a gaban mota da dusar ƙanƙara ake turowa, ba a turo takardar haya. Da za a zauna da iyaye da 'yan uwa kafin tafiya a ce musu shekarar farko ba abin da zai zo sai biyan bashi, bayan nan ga abin da zan iya duk wata, a tsayar da mutum ɗaya da kuɗin zai riƙa bi ta hannunsa, da zumunci da yawa bai lalace ba. Akwai ma abin da ba a son ambata, in mutuwa ta zo, dawo da gawa miliyoyi ne, binnewa a can ma da kuɗi, shi ya sa shiga ƙungiyar 'yan gari ko asusun masallaci tun watan farko ba wasa ba ne.

Ni ra'ayina, wanda zai tafi ya tafi da idonsa a buɗe, ya san sunan matsayin da zai fara da shi, wata nawa ko shekara nawa kafin a amince da diflomarsa, me zai faru in ya faɗi jarrabawa, waye zai biya ɗaki, kuma in akwai sharaɗin cewa in ya bar asibitin kafin wasu shekaru zai mayar da kuɗin da aka kashe masa, nawa ne. Ya nemi wanda ya riga shi zuwa garin, ba ƙasar ba, garin, ya tambaye shi abin da ke shiga bankinsa da abin da ke fita. Ina kuma jin zafin abin ta wani gefen, don kowane nas ƙwararre da ya tashi daga Yagwa ko Mokolo ko Bongor ba a maye gurbinsa da wuri, arewa dama ita ce ake turo ma'aikata su yi ta neman a mayar da su kudu, yanzu namu 'ya'yan da suka iya Hausa da Fulatanci da Larabci, waɗanda tsohuwa za ta faɗa wa ciwonta ba tafinta, su ma suna haɗa takardu. An buɗe jami'a a Garwa a 2022 da sashen likitanci, abin farin ciki ne, amma in ba a ɗauke su aiki an biya su ba, wasu ƙasashe muke horar wa.

Ma'aikacin gwamnati kuma dan Allah kar ya sulale ya ɓace ya bar wani yana karɓar masa albashi. Tun ƙidayar ma'aikata ta 2018 gwamnatin Kamaru take bin sawun irin wannan, ana kora, ana kuma neman a dawo da kuɗin da aka ci. Akwai hanyar neman hutun dogon lokaci ba albashi, a rubuta a bi ta hannun shugabanni a karɓi amsa a rubuce, a ci gaba da biyan kuɗin rajista a ƙungiyar likitoci ko ta ma'aikatan jinya, domin hukumomin can ma suna neman takardar shaidar cewa ba ka da laifi a wurin aikinka na baya, kuma daga wannan ofishin da ka bari za ta fito.